Cikar Kwara a tsakiyar hunturu, da maganar kai ɗalibai bakin ruwa

Ummu Hafsat: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga waɗanda suka san Kogin Kwara, wato Neja. Abin da muka sani shi ne kogi yana cika da damina, ya janye da rani. To an nuna mini hotunan bakin ruwa a Yawuri na watan Janairu, hazo ya rufe gari, ciyawar tudu duk ta bushe, amma kogi maƙil. Ina wannan ruwa ya fito, alhali rabon da a ga ɗigon ruwan sama tun Oktoba? Ina tambaya ne saboda muna shirin kai ɗalibanmu su ga kogin, kuma ina so in san lokacin da ya fi dacewa da abin da za su gani.

Bashir KD: Wa alaikumus salam Malama. Ai madatsar Kainji ce. Su ne ke sakin ruwa idan sun ga dama.

Ɗan Yawuri: Malam Bashir, Kainji tana ƙasa da mu ne, ruwan da suka saki Jeba yake nufa, ba ya dawowa Yawuri. Gaskiyar da ke cikin maganarka ita ce madatsar tana tare ruwa, tafkin kuma ya miƙo har wajenmu, shi ya sa bakin ruwanmu ba ya saurin janyewa. Amma sabon ruwa yana shigowa daga arewa a wannan lokacin, kuma tsofaffinmu sun san shi tun kafin a gama madatsar a 1968. Cika biyu muke da ita a shekara. Ta damina ruwanta gurɓatacce ne, fari-fari da laka. Ta hunturu kuwa ruwan garau yake zuwa, idan ka leƙa sai ka ga ya yi duhu saboda babu laka a cikinsa.

Malam Issufu Yamai: Haka yake a nan Yamai, kuma mu babu wata madatsa kusa da mu ta ƙasan kogin da za a ce ita ta tare mana ruwa. Wajen Agusta da Satumba kogin yana yin ja jawur, saboda ƙoramun da ke gangarowa daga ɓangaren Burkina Faso, wato Gorouol da Dargol da Sirba, suna kwaso jar ƙasa. Wannan cikar ce mai haɗari, ita ta karya shingen bakin kogi ta cinye unguwanni a 2020. Daga nan sai ruwa ya ɗan sauka, sannan ya sake hawa a hankali har ya kai ƙarshen cikarsa tsakanin Janairu da Fabrairu. Mutum yana tsaye kan gadar Kennedy da rigar sanyi, leɓensa ya tsage, ga ruwa yana ƙaruwa a ƙarƙashinsa kullum.

Malam Nuhu: Malama, ki buɗe taswira a gabanki, amsar tana cikin siffar kogin.

Kwara yana tasowa ne daga tsaunukan ƙasar Gini, kusa da iyakar Saliyo, wurin da tazararsa da tekun Atlantika ba ta wuce kilomita 240 ba. Maimakon ya gangara teku ta kusa, sai ya ba ta baya ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Bamako da Segu da Mopti, ya je gab da Tumbuktu a bakin Sahara. Daga can ne ya karyo kudu maso gabas ta Gao, ya shigo Nijar ta wajen Ayoru, ya bi Tilaberi da Yamai da Gaya, ya shigo Najeriya ta Jihar Kebbi. Tsawonsa kusan kilomita 4,200, shi ne na uku a Afirka bayan Nilu da Kongo.

To ruwan da kika gani a hoton Janairu, ruwan saman da aka yi a Gini ne a watannin Yuli zuwa Satumba. Abin da ya jinkirta shi yana tsakiyar Mali. Bayan Segu ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, kogin yana yin tafiyar ɗaruruwan kilomita ba tare da ya gangara fiye da 'yan mitoci ba. Da ruwan ya iso nan sai ya rasa saurinsa, ya fantsama cikin rassa da tafkuna da fadamu, ga kuma Kogin Bani da ke haɗuwa da shi a Mopti yana ƙara masa. A shekarar ruwa mai kyau filin da yake rufewa yakan haura murabba'in kilomita 20,000. Ruwan yana zama a nan makonni, yana kutsawa ta cikin ciyawar burgu, laka tana kwanciya, rana tana shanye babban kaso. Ragowar da ta fita ta ɓangaren Tumbuktu ita ce take isowa Yamai da Yawuri a hunturu, a tace, kamar an zuba ruwa a rariya. Shi ya sa Ɗan Yawuri ya ce garau yake zuwa.

Idan kika bi kwanakin za ki ga tafiyar: cika a Bamako wajen Satumba, a Mopti Oktoba zuwa Nuwamba, a Yamai farkon sabuwar shekara.

Ummu Hafsat: Allah ya ƙara ilimi Malam. Wato ruwan da yara za su taɓa da hannunsu a Janairu ya yi wata huɗu ko biyar a hanya. Wannan kaɗai ya isa darasi.

Bashir KD: To idan haka ne, me zai faru in aka yi fari a Gini?

Malam Issufu Yamai: An gani ai. A Yunin 1985, bayan shekarun fari, kogin ya daina gudu a Yamai, mutane suka riƙa tsallakawa da ƙafa. Duk wanda ya kai shekarun hankali a lokacin bai manta ba. Kuma ba fari kaɗai ba ne, akwai masu ɗiba a sama: madatsar Selinge a kan reshen Sankarani, da ta Markala wadda ke juya ruwa zuwa gonakin shinkafa da rake na Mali tun shekarun 1940. Mu ma ana gina ta Kandaji a yankin Tilaberi. Saboda irin wannan rabon ne ƙasashe tara suke da hukuma guda ta kula da kogin, hedikwatarta tana nan Yamai. Duk wanda ya tare ruwa a sama, na ƙasa ne ke ji a jikinsa.

Aminu Zariya: Ni abin da ke ba ni haushi shi ne har yau ana koya wa yara cewa Mungo Park ne ya gano wannan kogi. Malama, don Allah kada ki maimaita musu.

Malam Nuhu: Ba zai gano abin da Bozo da Sarkawa da Nufawa suke tuƙi a kai tun kaka da kakanni ba. Abin da Turawa ba su sani ba shi ne inda kogin yake ƙarewa, saboda wannan lanƙwasa da na faɗa ta rikita su. Park ya mutu a gurguzun duwatsun Busa a 1806, sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi ruwan har teku. Ita tsohuwar Busa ɗin ma yanzu tana ƙarƙashin tafkin Kainji, an tashi mutum fiye da 40,000 daga garuruwa da tsibirai lokacin da ruwa zai hau.

Hajiya Rabi: A bar maganar Turawa, a faɗa wa Malama abin da yara za su gani. Ni don tsuntsaye nake son bakin ruwa, kuma hunturu ne lokacinsu. Wannan cika ta biyu tana zuwa daidai da lokacin da sanyi ya kori tsuntsayen ruwa daga Turai. Suna ƙetare Bahar Rum da Sahara su sauka a fadamun Mali, fiye da miliyan guda, wasu kuma su bazu a bakin kogin har ƙasarmu. Ga kuma namu na gida: kirinjijiya da ke tashi garke guda suna fito, dinya, zalɓe a tsaye cikin ruwa ba ya ko motsi, belbela a bayan shanu, jinjimi, kwasakwasa. Gauraka ce ta yi wuya yanzu, wadda a da ake ganinta a fadamu da yawa.

Malama, ki sa su fita da asuba kafin rana ta ɗaga. Ku nemi gaɓa mai tsayi inda ruwa ya zaizaye ƙasa ta zama kamar bango, za ku ga ramuka jere a jiki. Akwai wasu jajayen tsuntsaye masu shuɗin kai da ke haƙa su, suna kama ƙwari a iska. Idan rana ta bugi wurin suka tashi gaba ɗaya, gaɓar takan koma ja. Ki ce wa yaran su zauna ƙasa su yi shiru, kada kowa ya yi jifa. Minti goma na shiru ya fi awa guda ana zagaye da hayaniya.

Sadiya M.: Akwai dorina a wajen? Ni ita nake jin tsoro.

Ɗan Yawuri: Akwai, kuma tsoronki yana kan hanya. Dorina ba nama take ci ba, ciyawa take kiwo da dare, takan ci kilo 40 kafin gari ya waye. Amma tana kishin wurinta, musamman mai ɗa. Babban namiji yana haura kilo 1,500, yana iya nutsewa minti biyar bai ɗago ba, ya taso ƙarƙashin kwalekwale ya kifar da shi. A tudu ma ta fi mutum gudu. Matuƙin da ya san ruwa ba ya bi ta tsakiyar garke, kuma yana bubbuga gefen jirgi don su san yana tafe. Idan ka ga ta wangale baki ba hamma take yi ba, gargaɗi ne.

Alhaji Mamman Tilaberi: Ku masu zuwa kallo kuna ganin dorina abin sha'awa ce. Ku zo ku tambayi manomin da ya zuba kuɗinsa da ƙarfinsa a shinkafa, dare ɗaya ta shiga ta tattake rabi ta cinye rabi. Mutane suna kwana a gona da wuta da gwangwani suna kora. An rasa rayuka, an rasa shanu. Idan ka kashe ta kuma a kama ka. A 2017 mutanen yankin Ayoru sun kashe fiye da ashirin saboda tura ta kai bango. Ban ce sun yi daidai ba, amma wanda bai kwana a gonar ba bai kamata ya yi saurin yanke musu hukunci ba.

Hajiya Rabi: Alhaji, ban raina asarar manomi ba, wallahi. Amma a ina aka yi gonakin? A kan makiyayarta. Wurin da burgu yake a da, an nome shi har bakin ruwa, ko an yanke ciyawar an kai kasuwa. Dabbar da ta fito da dare ta tarar da shinkafa a inda ta saba samun ciyawa, me za ta yi?

Alhaji Mamman Tilaberi: Mutane sun ƙaru Hajiya, tudu ya gaji, ruwan sama ba tabbas. Ina za su noma in ba bakin kogi ba?

Malam Issufu Yamai: Ku duka biyun kuna da hujja, amma ni ina ganin akwai misali a kusa da mu. Raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai, a tsakiyar shekarun 1990 sun ragu har ba su kai 50 ba, kuma su kaɗai suka rage a duk yammacin Afirka. Su ma suna cin waken mutane da mangwaro. Abin da ya cece su shi ne mutanen ƙauyukan sun fara samun wani abu: 'ya'yansu ne jagororin masu zuwa kallo, ana kuma tallafa wa garuruwan. Yau sun haura 600. Dorinar Ayoru ma a da tana kawo baƙi, ranar kasuwar Lahadi masu jirage suna samun na cefane da kai mutane kallonta. Da rashin tsaro ya kori baƙi, sai ya zama dorina ba ta kawo komai sai ɓarna. Idan ana so manomi ya haƙura da ita, dole a biya shi asararsa da wuri, a bar mata wasu tsibirai da gaɓa da ba za a noma ba. An ware mata wurin kariya a takarda tun 2017, amma takarda ba ta gadin gona.

Alhaji Mamman Tilaberi: A kan biyan asara mun haɗu. Ranar da na ga an biya, zan dawo nan in faɗa.

Sadiya M.: Ayu fa? Gaske ne akwai shi, ko labari ne kawai?

Ɗan Yawuri: Gaske ne, yana nan a Kwara da Binuwai, har cikin Mali. Ba kifi ba ne, yana shayar da ɗansa nono, yana ɗagowa ya shaƙi iska, ciyawar ruwa yake ci. Ba ya cutar da kowa. Ganinsa da wuya, sai dai ka ga hanci ya ɓullo ya koma, ko ka tarar da ragowar ciyawar da ya tattauna tana yawo a kan ruwa. Matsalarsa ita ce macen tana ɗaukar ciki kusan shekara, ta haifi ɗa guda, sannan ta daɗe ba ta sake ba. Kowane ɗaya da aka kashe, cike gurbinsa sai an jima. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, kasuwar man ayu da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp ita ce ke sa ana farautarsa, duk da cewa doka ta hana. Mai saye yana da hannu a ciki.

Hajiya Rabi: Wannan magana ta shafe mu mata, kuma na ji daɗi da ka faɗe ta a fili.

Baba Sarkin Ruwa: 'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Malama, idan kin kawo yara, kai su bakin kasuwar kifi da safe lokacin da jirage ke dawowa. Za su ga giwan ruwa, wanda babbansa sai mutum biyu sun ɗauka, da tarwaɗa, da karfasa, da kurungu mai ƙaya, da tsage mai haƙora a waje, da minjirya wadda in ka taɓa ta sai hannunka ya mutu na ɗan lokaci. Ki sa masunci ya nuna musu yadda ake jefa birgi: ya naɗe shi a kafaɗa da hannu, ya juya ƙugu, ya sake shi ya buɗe a iska ya faɗa ruwa a zagaye. Yaro ba ya manta wannan.

Amma ki gaya musu kifin ya ragu. Cikar ruwa ce ke haifar da kifi, domin a cikin ciyawar da ruwa ya rufe suke yin ƙwai, 'ya'yan su girma a ɓoye. Shekarar da cika ta yi ƙasa, kamun baɗi ma ƙasa yake yi. Ga masu jan taru mai ƙananan ido suna kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. A da sarkin ruwa yana hana shiga wani gurbi sai lokacinsa ya yi, kuma ana jin maganarsa.

Bashir KD: Allah ya ƙara girma Baba. Ni dai ina ganin abin da ya rage mana shi ne a zuba jari. A kawo jirage masu gudu, a gina otal a bakin tafkin Kainji, a yi wurin ninƙaya kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe.

Sani Lakwaja: Kafin otal a fara da rigar ruwa. A Mayun 2021 jirgi ya nutse a wajen Wara ta Jihar Kebbi da mutum fiye da ɗari a ciki. A Yunin 2023 wani ya kife a yankin Fategi da 'yan biki, aka rasa fiye da ɗari. Dalilan kusan iri ɗaya ne kullum: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsohon jirgin katako, kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, babu rigar kariya ko ɗaya. Tafkin Kainji cike yake da itatuwan da ruwa ya rufe tun lokacin da aka cika shi, jirgi mai gudu ya hau ɗaya an gama. Malama, ki ƙirga rigunan da idonki kafin yaro ko ɗaya ya taka jirgi, kowa ya ɗaura tasa, ba a ajiye a ƙarƙashin benci ba. Kada a wuce la'asar a kan ruwa.

In kuma kuna son kallo ba tare da shiga jirgi ba, ku zo Lakwaja ku hau Dutsen Patti. Daga sama ana ganin inda Binuwai ya haɗu da Kwara, da rani tsibiran yashi suna fitowa a tsakiya, launin ruwan biyu kuma yakan bambanta na ɗan nisa kafin su gauraya. Kada dai ku zo a Satumba ko Oktoba, lokacin ne ruwa ya cinye gari da babbar hanya a 2012 da 2022.

Dakta Zainab: In ƙara a kan maganar ninƙaya. Ruwan bakin gaɓa mai kwanciya, inda ciyawa take, shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ba sai an sha ba, ta fata take shiga. Yaro ya yi wasa a ciki, bayan makonni ya fara fitsarin jini. Kyan ruwan hunturu ba ya nuna cewa babu ita. Su kalla, su ɗiba a kwalba don darasi, amma ban da wanka.

Aminu Zariya: Gandun dajin W fa? Na ji an ce akwai giwaye da zakuna, kuma sunan ma daga lanƙwasar kogin aka samo shi.

Malam Issufu Yamai: Akwai giwa da ɓauna da zaki da gwanki, yana tsakanin Nijar da Benin da Burkina Faso, UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren gado na duniya tun 1996. Wuri ne mai kyau ƙwarai, kogin yana bi ta tsakanin duwatsu da kuka. Amma yanzu 'yan bindiga suna ciki, ba wurin kai ɗalibai ba ne. A Kure ma an kashe mutum takwas a Agustan 2020. Ina faɗa da baƙin ciki.

Ɗan Yawuri: Dajin Kainji ma, ɓangaren Borgu, haka ne a yanzu. Ku tsaya cikin gari. Shawarata Malama ki daidaita tafiyar da bikin Rigata na Yawuri, wanda yawanci ake yi a farkon shekara lokacin da ruwa yake cike. Akwai tseren kwalekwale da ninƙaya da nutso, matuƙa goma sha suna dukan ruwa da filafili a tare bisa sautin ganga. Yaran za su ga gwanintar mutanen tsibirai daga tudu, ba sai sun shiga ruwa ba. Fategi ma suna da nasu tseren jiragen na Nufawa.

Malam Bashir, ba na ƙin jari. Amma jagoran da ya san inda dorina take kwana da inda kututture yake ɓoye yana nan, shi ne masuncin da kifi ya ragu masa. A ba shi horo da riguna da jirgi mai lafiya, kuɗin baƙo ya shiga aljihunsa. In an kawo jirage masu gudu daga waje da matuƙan da ba su san ruwan ba, za su kori tsuntsayen da Hajiya take magana, su tsinke wa mutane kallin kamun kifi, ayu kuma farfela ta sare shi.

Bashir KD: To a haɗa biyun mana, masauki mai kyau a tudu, jirgi kuma a hannun 'yan gari. Baƙo ba zai zo ya kwana a tasha ba.

Ummu Hafsat: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun tsayar da ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, a Yawuri. Ɗalibai 32 ne, za mu raba su gida huɗu, kuma ba wanda zai shiga jirgi sai mun ga riguna sun isa. Baba Sarkin Ruwa, da wane lokaci jiragen kifi suke fara isowa? Kuma ya dace mu fara kai gaisuwa wajen sarkin ruwan garin kafin mu sauka bakin gaɓa da yara?

Baba Sarkin Ruwa: Ku fara da gaisuwar, shi zai haɗa ku da matuƙin da ya yarda da shi. Jirage suna fara isowa bayan sallar asuba, zuwa ƙarfe takwas dillalai sun kwashe manyan. Ku sa wa yaran rigunan sanyi, iskar bakin ruwa a wannan watan tana da kaifi.